Lissafin Motsi: Darasin Da Manchesta Da Barmingham Suka Bar Wa Ɗalibai Da Direbobinmu

Da zarar an ambaci Manchesta a majalisar matasa a Kano ko Katsina ko Maraɗi, abin da zai fara zuwa zuciyar kowa shi ne ƙwallon ƙafa, wannan ya ce United, wancan ya ce City, nan da nan musu ya kaure. In kuwa aka ce Barmingham, sai masu bin gasar su tuna da Aston Villa. Sai dai waɗannan birane biyu na ƙasar Ingila suna da wani tarihi da ya fi ƙwallo shafar rayuwarmu ta yau da kullum. Duk wanda ya taɓa sayen ƙwan lantarki ya tambayi mai shago wat nawa ne, ko manomin fadamar da ya shiga kasuwa neman injin ban-ruwa mai ƙarfin doki biyar da rabi, to yana cin gadon wani mutum ne da ya yi aikinsa a Barmingham. Haka kuma duk ɗalibin da ya rubuta harafin J a ƙarshen amsarsa a jarrabawar Fiziks, sunan wani ɗan yankin Manchesta ya taƙaita.

A makarantunmu na sakandare, ɓangaren Fiziks da ya shafi motsi, wato yadda abubuwa ke tafiya da faɗuwa da tsayawa, yana cikin darussan da ɗalibai suka fi jin tsoro. Da yawa sukan haddace ƙa'idojin ne kawai don su tsallake WAEC ko NECO ko JAMB, daga nan sai a yi sallama. Amma idan mai karatu ya biyo mu sannu a hankali, zai ga cewa waɗannan ƙa'idoji sun taso ne daga matsalolin 'yan kasuwa da maƙera da matuƙa jirgin ƙasa, kuma su ne har gobe suke yanke hukuncin ko mota za ta tsaya kafin ta kai ga yaron da ya faɗo titi, ko kuwa a'a.

Tushen maganar

Masanin nan na Ingila, Isaac Newton, shi ne ya tattara dokokin motsi guda uku a littafin da ya fitar a shekarar 1687. Ta farko tana cewa abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, har sai wani ƙarfi ya tura shi ko ya tare shi. Ta biyu tana cewa ƙarfin da ake bukata don a ƙara wa abu gudu ko a rage masa ya danganta ne da nauyin abin da kuma saurin canjin da ake so a samu. Ta uku kuwa ita ce duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Wanda ya taɓa naushin bango ya san gaskiyar wannan doka.

Newton ya fi mayar da hankali ne kan tafiyar wata da duniyoyi a sararin sama. Sai da aka shafe kusan shekara ɗari kafin masu masana'antu su matsu da bukatar irin wannan lissafi a harkokinsu, kuma a nan ne labarin Barmingham ya shigo.

Dokin da ya zama ma'auni

James Watt mutumin Sikotland ne, an haife shi a 1736. A 1769 ya sami takardar mallakar wata dabara da ta sa injin tururi ya daina ɓarnar gawayi kamar yadda yake yi a da, amma rashin jari ya hana shi cin moriyarta. A 1774 ya koma Barmingham, inda a shekara mai zuwa ya ƙulla kasuwanci da wani attajiri mai suna Matthew Boulton, mai masana'antar Soho da ke gefen birnin. Su biyun suna cikin wata ƙungiya ta masana da masu sana'a da ke haɗuwa duk lokacin da wata ya cika, saboda su sami farin watan da za su ga hanyar komawa gida, domin a zamanin babu fitilun titi.

Matsalar da Watt ya fuskanta ta ciniki ce. Masu ma'adinai da masu injin niƙa da dawaki suke aiki, don haka tambayar da kowane mai saye zai yi ita ce: wannan inji naka zai maye mini gurbin dawaki nawa? Sai Watt ya zauna ya yi lissafi. Ya ɗauka cewa doki mai juya dutsen niƙa yana kewaya da'ira mai nisan ƙafa 12 daga tsakiyarta, sau 144 a cikin awa ɗaya, yana ja da ƙarfin laba 180. Kewaye ɗaya ya kai kusan ƙafa 75, ke nan a minti guda dokin yana cin ƙafa 181. Da ya ninka wannan tafiya da ƙarfin jan, sai ya sami kimanin 32,600, aka cike shi zuwa 33,000. Wannan shi ne abin da ake kira ƙarfin doki ɗaya, wato iya ɗaga laba 33,000 zuwa tsawon ƙafa ɗaya a cikin minti guda. A awon yau ya yi daidai da wat 746, ko kuma ɗaga kilo 76 zuwa mita ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya.

A cikin wannan lissafi akwai darussa biyu da ake koyarwa a aji huɗu na sakandare. Na farko, aiki shi ne ƙarfin da aka sa a ninka shi da nisan da abu ya motsa. Na biyu, saurin aiki shi ne aikin a raba shi da lokacin da ya ɗauka. Mu ɗauki lebura da ya ɗora buhun siminti mai kilo 50 ya hau da shi bene mai tsawon mita 3. Jan ƙasa yana ja wa kowane kilo da ƙarfin niyutan 10 in an cike, saboda haka aikin da ya yi kan buhun shi ne 50 sau 10 sau 3, wato jul 1,500. Idan ya hau a daƙiƙa 10, saurin aikinsa wat 150 ne, kashi ɗaya cikin biyar na doki ke nan. Da wannan mai karatu zai gane dalilin da ya sa ɗan ƙaramin injin ban-ruwa ke yin aikin da majiya ƙarfi ashirin ba za su iya yi da guga ba.

Har yanzu ana iya ganin ɗaya daga cikin injunan Boulton da Watt, wanda aka kafa a Smethwick a 1779 don tura ruwa a magudanar jiragen kaya, a gidan adana kayan kimiyya na Thinktank da ke Barmingham.

Ranar da jirgi ya ƙi tsayawa

Bayan rasuwar Watt a 1819, injin tururi ya ƙara samun gindin zama a kan dogo. Manchesta a lokacin ita ce cibiyar masaƙun auduga ta duniya, tana kuma bukatar hanya mai sauri zuwa tashar jiragen ruwa ta Libaful. A ranar 15 ga Satumba, 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin biranen biyu, a wani gagarumin biki da Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Duke na Wellington, ya halarta.

Da aka kai wani wuri mai suna Parkside, wajen tsakiyar hanya, sai jirgin manyan baƙi ya tsaya shan ruwa. Wasu suka sauka suka tsaya a kan dogo, cikinsu har da William Huskisson, ɗan majalisa mai wakiltar Libaful, wanda ya matsa don ya gaisa da Firayim Minista. Ana cikin haka sai ga wani kan jirgi mai suna Rocket ya taho a layin da ke gefe. Matuƙinsa ya hango mutanen, amma jirgin ba shi da birki, iyakar abin da zai iya yi shi ne ya yi ƙoƙarin mayar da injin baya, wanda ke ɗaukar lokaci. Huskisson ya ruɗe, ya kama ƙofar tarago, ƙofar ta buɗe da shi, ya faɗa kan dogo, jirgin ya murƙushe masa ƙafa. A daren ranar ya cika a garin Eccles da ke kusa da Manchesta.

Mutanen wancan zamani sun saba da doki ne, wanda in ka ja linzami yakan tsaya nan kusa. Ba su saba da ƙarfe mai nauyin tan huɗu da ɗoriya da ke tafe a kan dogo mai santsi ba. Dokar Newton ta farko ce ta yi aikinta a ranar: abin da ke tafiya ba ya tsayawa don an yi masa ihu, sai an sami ƙarfin da zai tare shi, da kuma tazarar da ƙarfin zai yi aiki a cikinta.

Ita wannan fasaha ta dogo daga baya ta iso mana, kuma da hannun Manchesta a ciki. A 1902 masu masaƙun yankin suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Birtaniya ke mulka, suka kuma sa ido a kan Arewacin Nijeriya. Dogo ya iso Kano a 1911, sai dai manoma da fatake sun ga gyaɗa ta fi auduga kawo kuɗi, suka karkata gare ta.

Maburgin Joule

Akwai tambayar da labarin Rocket ya bari: idan abu mai gudu ya tsaya, ina ƙarfin gudun nasa ya tafi? Wanda ya ba da amsa da ma'auni shi ne James Prescott Joule, wanda aka haifa a 1818 a Salford, garin da kogi kawai ya raba shi da Manchesta. Mahaifinsa mai masana'antar barasa ne, kuma Joule bai yi jami'a ba, sai dai ya ɗauki darasi yana yaro a wurin shahararren masanin nan John Dalton. Yawancin gwaje-gwajensa a gida ya yi su, da kuɗin aljihunsa.

Daga shekarun 1840 ya duƙufa kan wani gwaji mai sauƙin fahimta. Ya sa wani abu mai kama da maburgin miya a cikin tukunyar ruwa, ya naɗa igiya a jikinsa, ya ɗaura nauyi a ƙarshen igiyar. Nauyin na sauka, igiyar na warwarewa, maburgin na kaɗa ruwan. Sai ya auna ya ga ruwan ya ƙara ɗumi kaɗan. Ya yi ta maimaitawa da ma'aunin zafi mai tsananin kyau, har ya tabbatar cewa adadin aiki kaza kullum adadin zafi kaza yake haifarwa. A rahotonsa na 1850 ya ce sai laba 772 ta sauka ƙafa ɗaya kafin laba ɗaya ta ruwa ta ƙara zafi da digiri ɗaya a ma'aunin Faranhait. A awon yau, ana bukatar kimanin jul 4,200 don a ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafin digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos.

Da farko manyan masana ba su kula shi ba. Laccar da ya gabatar a 1847 a ɗakin karatu na cocin St Ann da ke Manchesta, a wata jaridar garin aka buga ta. Amma sannu a hankali aikinsa ya zama ginshiƙin dokar da ke cewa makamashi ba ya ɓacewa, kamanninsa kawai yake sauyawa. Joule ya rasu a 1889, kuma a jikin dutsen kabarinsa an rubuta lamba 772.55, wato sakamakon awon da ya sake yi a 1878.

Mu dawo kan hanyar Zariya

To, mene ne ruwan direban da ke lodi a tashar Unguwa Uku da wannan tarihi? Ruwansa kuwa babba ne. Makamashin abu mai tafiya ana samun sa ne ta hanyar ɗaukar rabin nauyinsa a ninka da gudunsa, a sake ninkawa da gudun. Tunda gudun sau biyu yake shiga lissafin, idan direba ya ninka gudunsa sau biyu, makamashin motar ya ninku sau huɗu ke nan, in ya ninka sau uku kuwa ya zama sau tara. Birki kuma ba shi da wani aiki illa ya mayar da wannan makamashi zafi, kamar dai maburgin Joule.

Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ba da ƙiyasin da ya tabbatar da haka. Mota mai gudun kilomita 48 a awa tana cin mita 14 daga taka birki zuwa tsayawa, amma mai gudun kilomita 96 sai ta ci mita 55. Wannan a kan busasshiyar kwalta ne da taya mai kyau, ba a kuma sa tafiyar da mota ke yi kafin direba ya ankara ya kai ƙafarsa kan birki ba. A gudun kilomita 100, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka direban da ya sunkuya ya duba wayarsa na daƙiƙa uku ya yi tafiyar fiye da mita 80 ido a rufe.

Ga wata hanyar kallon abin. Karo da bango a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, kamar saman bene mai hawa uku. A gudun kilomita 100 tsawon ya koma kusan mita 40. A Jami'ar Barmingham akwai wata hasumiyar agogo mai tsawon kimanin mita 100, kuma dutsen da aka saki daga ƙololuwarta zai iso ƙasa cikin daƙiƙa huɗu da rabi, da gudun da ya kai kusan kilomita 160 a awa. Saboda haka matashin da ke alfaharin allurar motarsa ta taɓa 160 a hanyar Kaduna, tamkar ya tsaya ne da motar a bakin wannan hasumiya.

Lissafin ya kuma bayyana abin da ke faruwa da manyan motoci a gangara irin ta Hawan Kibo a jihar Filato. Tirela mai nauyin tan 40 da ta gangaro tsawon mita 100 tana sakin makamashin jul miliyan 40, wanda ya isa ya kai fiye da lita 130 na ruwa ga tafasa. Idan direba ya dogara da birki kaɗai, duk wannan zafi a cikin birkin zai taru, har ya kai inda zai daina kamawa. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sa mota a ƙaramar giya tun kafin a fara gangara, domin inji ya ɗauke wa birki wani kaso na aikin.

Sai batun ɗaura bel. Idan mota mai gudun kilomita 60 ta yi karo ta tsaya cak, fasinja ba ya tsayawa tare da ita, yana ci gaba da tafiya da gudunsa har sai wani abu ya tare shi. Mutum mai kilo 70 da aka tsayar cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ƙarfin da zai sauka a jikinsa ya kusa nauyin buhun siminti 24. Jariri mai kilo 10 da uwa ta rungume a kujerar gaba zai fizge daga hannunta da ƙarfin da ya fi buhu uku. Babu hannun da zai iya riƙe wannan. Bel yana tsawaita lokacin tsayawar ne, ya kuma rarraba ƙarfin a kan ƙasusuwa masu ƙwari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 ta ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 50 a cikin gari da 100 a babbar hanya mai tagwayen titi. Wanda ya fahimci lissafin da ke sama zai gane cewa ba don a takura wa kowa aka zaɓi waɗannan lambobi ba.

Ga ɗalibi mai fuskantar jarrabawa

Hanyar da Watt ya bi da dokinsa ita ce har yanzu hanyar warware kowace tambayar motsi. Da farko ɗalibi ya zana hoton abin da ake magana a kai, ya sa kibiya a kan kowane ƙarfi da ke tura shi ko jan sa. Sannan ya jera abin da aka ba shi da abin da ake nema. Bayan haka ya daidaita awo, domin a nan ne da yawa ke faɗuwa: gudun da aka bayar da kilomita a awa sai an raba shi da 3.6 kafin ya koma mita a daƙiƙa. Sai ya zaɓi dokar da ta haɗa abin da ya sani da abin da yake nema. Daga ƙarshe ya dubi amsar da idon basira, ya tambayi kansa ko za ta yiwu.

Misali, mota tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki, gudunta yana raguwa da mita 5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Nisa nawa za ta ci kafin ta tsaya? Kilomita 72 a awa ya zama mita 20 a daƙiƙa. Tunda 5 ke raguwa kowace daƙiƙa, za ta tsaya cikin daƙiƙa 4. Ta fara da 20 ta ƙare da sifili, matsakaicin gudunta 10 ne, don haka ta ci mita 40. Idan ɗalibi ya manta bai sauya awon ba, zai sami amsar da ta haura mita 500, wadda ko yaron mota zai gaya masa ba daidai ba ce. In kuma aka ninka gudun ya koma 144, amsar za ta zama mita 160, ninki huɗu cif.

Jan hankali

Ƙalubalen yana kan malamanmu na kimiyya, da su riƙa fito da darasin daga allo su kai shi inda yara suka sani: amalanken shanu, gugan rijiya, baron mai ruwa, babur da Keke Napep. Ba sai an jira ɗakin gwaji na miliyoyin naira ba, igiya da dutse da agogon waya sun isa a auna faɗuwa da lilo a harabar makaranta. Haka kuma ya kamata ƙungiyoyin direbobi da makarantun koyon tuƙi su sa wannan ƙa'ida guda a cikin abin da suke koya wa sababbin shiga, cewa ninka gudu sau biyu yana ninka tazarar tsayawa sau huɗu. Fasinja ma yana da haƙƙin ya yi magana idan ya ga direba ya wuce gona da iri, domin masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya.